Lauyan da Na Ɗauko wa Baba

Ni na ɗauko lauyan. Gara in faɗi wannan tun farko, domin na yi shekaru ina ba da labarin nan a majalisa, ina tsine wa mutumin, ina tsallake inda nawa hannun ya shiga. Babu wanda ya aike ni. Da ƙafata na shiga mota daga Kaura Namoda, inda nake koyarwa a firamare a lokacin, na sauka Gusau, na hau benen da ofishinsa yake, na ce ya zo ya tsare mana gonar mahaifina.

Gonar tana bakin gulbi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Zurmi da Moriki. Ita kaɗai Baba ya mallaka, ita ya gada, da ita ya ciyar da gida guda. Da damina dawa da shinkafa, da rani albasa da tumatir. In ka duba masallaci ka duba zaure ba ka ga Baba ba, kada ka wahalar da kanka da tambaya, ka bi hanyar gulbi kawai.

Amma ba duka ce tamu ba, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san haka. Akwai wani siririn yanki ta gabas, daga gindin giginya zuwa gaɓar ruwa, wanda in aka kasa gonar kashi biyar bai wuce kashi ɗaya ba. Na wani aminin Baba ne. Wata shekara da aka yi fari, tun ban shiga makaranta ba, mutumin ya kwashe iyalinsa ya koma Shinkafi neman abinci, ya ce wa Baba ya riƙa noma wurin kafin ya dawo. Bai dawo ba. Can ya rasu, ya bar mata da ƙananan 'ya'ya maza biyu. Baba ya ci gaba da noman yankin, amma bai taɓa tuge gambar da ke kan iyaka ba, kuma duk kaka sai ya ware dami guda na dawa, wanda ya fi kowanne kyau, ya ba wani direba ɗan garinmu ya kai wa matar. Ba haya ba ce, dami guda me zai yi wa mutum? Haka ake yi a wurinmu, don kada mai aro ya manta aro ne, kada kuma 'ya'yansa su tashi su ce gado ne. Muna yara mukan ji haushin damin nan, balle shekarar da rumbu bai cika ba. Baba ya ce, "Wanga ba namu na ba," shi ke nan an rufe magana.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara kowa jikinsa na rawa. Ni ma na je taron, na yi kabbara har muryata ta dushe. Jiha sabuwa, ga shari'a ta dawo, an sauya allunan ƙofar kotuna, mutane suka shiga tono haƙƙoƙin da suka daɗe da haƙura da su. A tsakanin nan ne matar aminin Baba ta rasu. Babban ɗanta, wanda yanzu ya zama magidanci yana sayar da hatsi a kasuwar Shinkafi, bai san gonar ba sai a bakin uwarsa. Abin da ya taso yana ji duk kaka, in dami ya iso, shi ne, "Ga na gonar ubanku." Ba ta taɓa ce masa yanki ba ne. Wataƙila ita ma ba ta sani ba.

Wata Asabar ɗan nata ya zo, na kuwa zo gida hutun mako. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata, ya sha ruwa, sannan ya ce ya zo ne ya karɓi gonar mahaifinsu.

Baba ya ce, "Madalla, ɗana. Gobe da sahe mu tahi in gwada maka."

Ya ce, "Ai na biyo ta can, Baba. Na zagaya ta tun daga hanya har gulbi."

Tun daga hanya har gulbi! Wato duka ke nan. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa, har yau da furfurata ban rabu da ita ba. Kafin Baba ya buɗe baki ya warware masa, na miƙe tsaye. Na ce masa ɗan cuwa-cuwa, na ce an ga shari'a ta zo kowane matsiyaci ya tuna yana da gado, na ce ko taki ɗaya ba su da shi a gonar nan, ya fita mana daga zaure. Baba yana cewa, "Kai, bari. Kai, zamna," ina! Ban ji ba. Mutumin ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "To, mu haɗu gaban alƙali." Kuma ban tsaya nan ba. Na maimaita maganar taki ɗayan nan a ƙofar masallaci, na maimaita ta a kasuwar Zurmi, duk inda aka taru sai na faɗa da ƙarfi don a ji.

Bayan mako biyu sammaci ya iso.

Abin da Baba ya so mai sauƙi ne. A ɗauki liman da mai unguwa, a kira mutumin, a je gindin giginya a nuna masa gamba, a yanka masa nasa, a yi addu'a. Na ce ba za a yi haka ba. Na ce wanda ya kai ka kotu ya wuce sulhu, in ka amsa masa yatsa zai kama hannu duka. Abokan aikina a makaranta suka ƙara zuga ni, suka ce zamanin shiga kotu da baki kawai ya wuce, in nemi lauya. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, in ji masu magana, sai dai ni da na ɗebo, bakin Baba ne ya ƙone.

Zan yi wa lauyan adalci. Ba mashayi ba ne, ba ya wasa da salla, Bahaushe ne kamarmu, kuma a babbar kotu an ce ba a kayar da shi da sauƙi. Amma kotun alƙali ta ƙauye ba ya shigarta, ina jin tamu ce ta biyu ko ta uku a rayuwarsa, kuma bai gaya mani haka ba, ni ma ban tambaya ba. Ya zo ƙauyenmu a mota, da baƙar kwat cikin zafin nan na bazara. Muka aro masa kujera a gidan hedimasta. Baba na kan buzunsa, ni ina gefe ina ta washe baki, ina ganin na kawo wa ubana garkuwa.

Abu na farko da Baba ya gaya masa shi ne maganar aron. Ya faɗi giginya, ya faɗi gamba, ya faɗi dami, bai rage komai ba.

Lauya ya ce, "Akwai takarda?"

"Babu."

"Wa ya shaida lokacin da aka ba ka?"

"Mutum biyu. Duk sun riga mu gidan gaskiya."

"Shi mai ƙarar ya san inda iyakar take?"

"Bai sani ba. Shi ya sa nike son in gwada mai."

Lauya ya rufe littafinsa, ya mai da alƙalami aljihu. Ya ce, "To Baba, wannan maganar ta mutu a zauren nan. Ban ji ta ba, kai ma ba ka faɗa ba. Da zarar kalmar aro ta fito daga bakinka a kotu, ka yi masa rabin aikinsa. Mu musu za mu yi, gaba ɗaya. Shi ya kawo ƙara, shi zai kawo hujja."

Baba ya gyara zama a kan buzunsa. Sannan ya ce, "In anka zo ga rantsuwa fa?"

Lauya ya yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho in ya tambayi abin da bai shafe shi ba. "Ba za a kai can ba, Baba. In na rushe shaidunsa an kori ƙara, kowa ya kama gabansa."

Wallahi na san ba haka ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a ƙasar nan ya ji cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Na karanta shi da bakina, an fassara mani, na ce na gane. Rabin farko lauya ya riƙe, ya yar da rabi na biyu, ni kuma na ga kwat na ga mota na ce ai ya fi ni sani.

Baba ya juyo ya dube ni. Ni ne ɗan farinsa, tunda nake bai taɓa kiran sunana ba, kuma bai cika haɗa ido da ni ba, amma ranar ya dube ni sosai. Na matsa kusa. Na ce in muka ci shari'a mu da kanmu za mu kira mutumin mu yanka masa yankinsa, cikin girma, ba da tilas ba. Na ce don Allah, don Annabi, ya yi mani alkawari ba zai buɗe baki a kotu ba sai abin da Barista ya ce. Na yi ta naci har lauya ya fara duba agogo.

Baba ya ce, "Kai ka yi boko. Na ɗauki alkawarin."

Kotun ɗaki guda ce mai rufin kwano, da benci biyar ko shida, da teburin alƙali da na magatakarda. Alƙalin wani dattijo ne siriri, ɗan gidan malamai, mai magana a hankali har sai ka kasa kunne. Zaman farko lauya ya miƙe ya fara zuba Turanci. Alƙali ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Barista, ka bari mutanen nan su ji abin da ake faɗa a kansu." Lauya ya koma Hausa. Ya ce wanda yake karewa ya musa da'awar nan daga farkonta har ƙarshenta, ba a taɓa yin aro ba, mahaifin mai ƙara bai taɓa mallakar ko taki ɗaya a wurin ba. Na ji kalmata a bakinsa, har wani daɗi ya kama ni.

Alƙali ya ce, "Dattijo, ka ji abin da ya faɗa?"

Baba ya ce, "Shi na wakilta, Allah shi gafarta Malam."

Magatakarda ya rubuta.

Zama biyu da suka biyo baya lauya bai zo ba, wai yana da shari'a a babbar kotu. Baba ya bar shuka, ya zauna gindin dalbejiyar ƙofar kotu tun hantsi har azahar, a ɗage shari'ar, mu koma gida. A hanya sau ɗaya ne ya ce mani, "Har yanzu ana iya kiran liman." Na ce ya ƙara haƙuri, mun kusa.

Ranar shaidu lauya ya zo, kuma ya nuna aikinsa. Mai ƙara ya kawo mutum biyu. Na farko ƙanensa ne. Lauya ya ce wannan magaji ne, in aka ci gonar da shi za a raba, mutum ba ya yi wa kansa shaida. Alƙali ya yarda, ya sallame shi. Na biyu direban nan ne da ya yi shekara da shekaru yana kai dami. Ya tsufa, yana tsaye yana murza hularsa, ya kasa kallon inda Baba yake. Ya ce shi dai duk kaka ana ba shi dami ya kai.

Lauya ya ce, "Kana nan aka ba da aron?"

"A'a."

"Ka san iyakar gonar da ake magana?"

"A'a."

"Dattijo mai tsoron Allah ya aika wa matar amininsa da marayunta dami guda duk shekara. A garinku me ake kiran wannan? Ba sadaka ba?"

Direba ya ce, "Shina yiwuwa."

Aka ɗan yi guna-guni a bayan kotu, wasu na jinjina wa lauya. Na leƙa fuskar Baba. Ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji. Shekara talatin yana aika damin nan don kada a manta aro ne, ga shi an mai da shi sadaka a gabansa, da bakin wanda ya ce shi ne wakilinsa.

Alƙali ya ce shaidar direba ba ta tabbatar da komai ba. Ya tambayi mai ƙara ko yana da wasu shaidun, ya ce babu. Lauya ya fara tattara takardunsa, ya juyo ya kashe mani ido.

Sai alƙali ya ce, "To, mai ƙara ya kasa kawo hujja. Saura rantsuwa a kan wanda ya musa. Dattijo, je ka yi alwala."

Lauya ya miƙe zumbur. Ya ce ai tunda babu hujja sai a kori ƙara, ya kawo sunayen shari'o'in da aka yi a wasu manyan kotuna. Alƙali ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Barista, nan ba haka ake yi ba. Ka musa, an rubuta. Wanda ya musa shi ke rantsuwa. In ya rantse gona tasa ce, babu mai sake tayar masa da ita."

Masinja ya kawo buta. Baba ya fita, muna jin zubar ruwa ta taga. Ya dawo hannuwansa na ɗiga. Aka ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka, aka buɗe, aka ajiye a kan tebur. Alƙali ya karanta masa abin da zai faɗa, daga abin da lauya ya sa aka rubuta: ya rantse da Allah wanda babu abin bauta wa sai Shi, cewa gonar nan tun daga hanya har gulbi tasa ce, mahaifin mai ƙara ba shi da komai a cikinta, kuma ba a taɓa ba shi aron ko taki ɗaya ba.

Baba ya tsaya gaban tebur. Ya kalli Alƙur'anin. Sannan ya mai da hannuwansa biyu baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Allah shi gafarta Malam, ba ni iyawa."

Alƙali ya ce, "Dattijo, ka san abin da ke biyo bayan wannan? In ka ƙi, rantsuwa za ta koma kan mai ƙara. In ya rantse, na ba shi."

"Na sani."

"To mene ne ya hana ka? Akwai abin da kake son ka gaya wa kotu?"

Baba bai juyo ba, amma na ga wuyansa ya motsa kamar zai juyo. Ina benci na biyu, bayan wani mai babbar riga. Na san abin da ke bakinsa, na kuma san abin da ya danne shi. Ya ɗauki alkawari. Bayan alkawarin kuma, in ya faɗa, ya tabbatar wa garin nan kaf cewa ɗan farinsa, malamin makaranta, ya yi wata biyu yana shelar ƙarya a kasuwa da ƙofar masallaci, ya kuma ɗauko wanda zai maimaita ta gaban alƙali. Baba bai iya ƙarya ba, bai kuma iya tona mani asiri ba. Ya ce, "Ba ni da ta cewa."

Alƙali ya juya ga lauya. "Barista, kai wakilinsa ne, kuma kotu na da haƙƙi a kanka. Akwai abin da ka sani game da gonar nan wanda kotu ba ta sani ba?"

Na ga gumi a ƙeyar lauya. Kalma biyar ta isa. Abin da ake buƙata kawai ya ce akwai yankin aro, ga iyakarsa. Amma faɗin haka yana nufin ya amsa cewa abin da ya sa aka rubuta ranar farko ba gaskiya ba ne, kuma ya san ba gaskiya ba ne. Ya gyara kwat ɗinsa ya ce, "Babu, ya mai shari'a. Tsufa ne kawai da tsoron Alƙur'ani irin na mutanen ƙauye."

Alƙali ya sake tambayar Baba, ya kuma sakewa, sau uku ke nan. Amsa ɗaya ce. Ni kuma ina zaune, ina gaya wa kaina ai ba ni da bakin magana a kotu, ai ba a kira ni ba, ai lauya zai san dabarar da zai yi. Mai zuciyar da ya kori baƙo daga zaure ranar bai iya ko tari ba.

Mai ƙara ya yi alwala. Ya ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani ba tare da wata rawar jiki ba, ya rantse cewa gonar nan tun daga hanya har gulbi ta mahaifinsa ce, aro aka bayar. Ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba, don shi a saninsa gaskiya yake faɗa. Baba ya rufe ido lokacin da yake rantsuwar. Alƙali ya yanke hukunci, ya ce a bar Baba ya girbe abin da ya shuka, bayan kaka ya miƙa gona.

A waje lauya ya hau faɗa. Wai Baba ya ɓata masa shari'ar da ya riga ya ci, wai ɗora hannu kawai, minti ɗaya, daga baya ya yi istigfari. Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, Baba ya ce, "Kai." A wannan karon na ji. Lauya ya ce a ɗaukaka ƙara. Baba ya ce, "A ɗaukaka a ce mi? A ce yaron ga ya yi rantsuwar ƙarya? Ni na bar shi ya yi ta, ina tsaye." Lauya ya buɗe masa ƙofar mota don ya rage masa hanya, Baba ya ce ya gode, ya kama hanya da ƙafa. Ban sake ganin lauyan ba sai a jarida.

Bayan kwana uku na tafi Shinkafi ba da sanin Baba ba. Na sami mutumin a rumfarsa yana auna gero. Na sauke duk girman kaina, na durƙusa, na gaya masa komai, giginya da gamba da abin da aka yi a zaure da lauya. Na ce ya ɗauki nasa, ya ƙara da wani abin a kai in yana so, ya bar wa tsoho sauran.

Ya ajiye tiya. Ya ce, "Malam, ran da na zo gidanku ka ce ba mu da taki ɗaya. Lauyanku ya ce sadaka ce kuke ba uwata. Yau ka ce kashi ɗaya cikin biyar. Wacce zan ɗauka?"

Na ce ta yau ce gaskiya, wallahi.

"In ta yau ce gaskiya, kun zauna kuna kallo na ɗora hannuna a kan Alƙur'ani a kan abin da ba nawa ba, ba wanda ya ce mani tsaya. Yanzu kana son in koma in gaya wa duniya na yi rantsuwar ƙarya? Ni ban yi ƙarya ba. Abin da uwata ta gaya mani na faɗa." Idanunsa sun kawo ruwa, na haushi ne ko na tsoro ban sani ba. Ya ce, "Tashi ka tafi, don Allah. Ka ɗora mani abin da zan kwana da shi har in mutu."

Bai noma gonar ba ko sau ɗaya. Ina jin bai iya taka ta ba. Kafin wata damina shi da ƙanensa sun sayar wa wani ɗan kasuwa daga Moriki, shi kuma ya sa garma ta bi ta kan gamba, ya haɗe ko'ina.

Baba ya girbe dawarsa ta ƙarshe, ya miƙa gona ranar da aka ce. Wani ɗan'uwan innarmu ya ba shi wani fegi a kan tudu, jigawa ce, ko gero sai an lallaɓa. Ya noma ta damina uku. Na so in ɗauke shi in mai da shi Kaura wurina, ya ƙi. Bai taɓa yi mani gori ba, ko da wasa, ko a bayan idona, na bincika. Da ya zage ni da na samu sauƙi. In na zo gida sai ya tambayi makaranta, ya tambayi yara, ya sa a kawo mani fura, shi ke nan. Hanyar gulbi kuwa ya daina binta, ko jana'iza aka yi ta wajen sai ya zagaya ta bayan gari. A damina ta huɗu ya kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga wani dattijo siriri ya sauko daga bayan mashin. Sai da ya zauna ya yi addu'a na gane muryar. Alƙalin ne, ya yi ritaya, ya ji rasuwar a Zurmi ya ce sai ya zo. Bayan an shafa fatiha bai tashi ba. Ya matso kusa da ni a kan tabarma, ya yi magana a hankali yadda ya saba, ba mai ji sai ni.

Ya ce, "Na daɗe ina shari'a, amma mahaifinka bai fita raina ba. Na san akwai magana a bakinsa. Mai cin haram ba ya mai da hannu baya, da gudu yake rantsewa. Sai dai alƙali ba ya hukunci da abin da ya hango, sai abin da aka faɗa a gabansa."

Na kasa ɗaga kai. Na gaya masa abin da ke bakin Baban, a taƙaice, karo na farko da na faɗa wa wani a garinmu.

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Da an faɗa, da na aika masinja da mai unguwa su auna yankin, in ba yaron nasa, mahaifinka ya rantse a kan sauran. Da kafin la'asar an gama." Ya dafa ƙasa zai tashi, sai ya tsaya. "Na tambaye shi sau uku. Na tambayi lauyan. Kai ma na dube ka, Malam, kana benci na biyu. Na daɗe ina dubanka."

Wasu masu gaisuwa suka iso, suka yi sallama, suka ce ya haƙuri. Na buɗe baki in ce haƙuri sai ma'aiki, muryar ta ƙi fita. Ƙanena ne ya amsa musu.